Farar Taguwar Tawfiq

"Ɗauki abinki!"

Rigar ta faɗo a gaban Nazeefa, daidai kan yatsun ƙafarta.

Ko zama ba ta yi ba. Daga ofis ta wuto Gwarinpa saboda kiran Hajiya Luba, mahaifiyar Tawfiq, saurayin da aka sa musu rana bayan babbar salla.

"Mami... lafiya?"

"Kada ki ƙara ce min Mami. Ɗauki abinki na ce!"

Ta durƙusa ta ɗauka. Farar taguwar ce, wadda ta shafe watanni tana ɗinkawa da allura, ta ba Tawfiq shekaranjiya ya je ya gwada.

A hannun kujera Nabilah ce zaune, 'yar ƙanwar Hajiya, tana danna waya kamar ba ta falon.

"Ke kika ɗinka wannan?" in ji Hajiya.

"Ni ce."

"Da keke ko da hannu?"

"Da hannu, Mami."

"Da wane zare?"

Nazeefa ta rasa inda tambayar ta dosa.

"Daga jikin ƙyallen nake zarewa. Haka mutanen da suke..."

"Juya cikinta. Nuna min ƙulli guda ɗaya."

"Ai babu ƙulli. Ba a ƙullewa, mayar da zaren ake yi ta cikin ɗinkin..."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Hajiya ta dafe ƙirji. "Nabilah, kin ji ko? Da bakinta!"

"Na ji, Mami," in ji Nabilah, ba ta ko ɗago ba.

Hajiya ta miƙe. Muryarta ta sauka, saukar da ta fi tsawar ban tsoro.

"Fari sol. Ba maɓalli, ba aljihu, an tsaga wuya kawai. Zare daga jikinsa. Ba ƙulli. Ke 'yar nan, a garinmu abu ɗaya ake yi wa irin wannan ɗinkin."

"Mene ne, Mami?"

"Likkafani!"

Falon ya juya wa Nazeefa.

"Sau biyu ina leƙe ta taga ana wannan ɗinkin a ƙofar gidan surukaina. An yi wa ɗana Nazeer. An yi wa 'yata Zuhra. Saura min ɗaya, ɗayan ma kullum hannuna yana kan ƙirjina, shi ne ke za ki zauna wata da watanni kina ɗinka masa nasa tun yana numfashi?"

"Wallahi Mami ban sani ba! Wallahi riga ce... rigar mutanen da ce..."

"Fita min daga gida."

"Mami, ki tsaya ki..."

"Fita!"

Ta fita da taguwar a ƙirjinta. Ta kai mota kafin kukan ya ƙwace mata.

* * *

Maganar gaskiya, Nazeefa ba ta yi ƙarya ba. 'Yar Abuja ce gaba da baya. A Garki aka haife ta, a nan ta yi karatu, garinsu sai da salla. Tunda take ba ta taɓa ganin likkafani da idonta ba. Wa zai nuna mata? A nan idan an yi mutuwa daga asibiti ake wucewa masallaci, likkafanin a leda yake zuwa, mata suna gida suna karɓar gaisuwa.

A wani ofishin gwamnati take aiki, inda ake ajiyar kayan tarihi. Cikin kayan akwai wata tsohuwar taguwa, irin wadda mazan zamanin da suke sawa a ƙarƙashin babbar riga. Sauran ma'aikata wuce ta suke yi. Ita kuwa wata rana ta sa safar hannu ta juya cikinta, ta ga ɗinki ƙanana a jere kamar an jera ƙwayar gero, ba ƙulli ko ɗaya. Daga ranar abin ya shiga ranta. Ba sana'a ta ɗauke shi ba. Idan an taso aiki ƙawayenta na kallon fim, ita tana baranda da allura tana kwaikwayon hannun wani mutum da ya daɗe a ƙasa.

Tawfiq injiniya ne a wata ma'aikata. Tun zuwansa na biyu wajenta ya faɗa mata abin da wasu ke ɓoyewa.

"Kafin ki fara sona, ki sani ni ɗan sikila ne. Yayyena biyu ita ta tafi da su."

"Wa ya ce maka zan fara?"

"Ai kin riga kin fara, ina kallonki."

Suka je gwaji, jininta ya fito AA. Ranar Hajiya Luba da kanta ta shiga kicin ta dafa mata dambun nama, tana ta cewa Allah ya kawo mata 'ya.

Shi ya fara roƙon rigar.

"Kullum kina ɓata allura a kan tsumma. Ki yi min tawa mana, in sa ranar ɗaurin aure a ƙarƙashin babbar riga, in fito kamar kakana."

Wata Asabar suka tafi Zuba, can bayan kasuwar 'ya'yan itace, wajen wani mai kawo saƙa daga ƙasar Nufe. Suka sayo sawaye, farar saƙar hannun nan siririya mai faɗin tafin hannu, wadda sai an haɗa ta layi-layi kafin ta zama ƙyalle. Tawfiq ya sha kankana ya miƙo hannu zai taɓa.

"Kai! Da wannan hannun?"

"Rigata ce fa."

"Sai na gama take zama taka. Yanzu tawa ce."

Awon ma abin dariya ne. Igiya ta ba shi ya riƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ita tana tsaye daga nesa tana ba da umarni.

"To telata, yaushe zan zo karɓar kaya?"

"Sai ka yi haƙuri, oga. Kamar wata tara."

"Wata tara! Haihuwarta za ki yi?"

Haka ta zauna a kanta. Yatsanta ya yi kanta, allura ta sha jininta ba adadi. Duk layin da ta haɗa sai ta ɗauki hoto ta ɗora a waya, ƙawaye na yabo.

Cikin masu kallon hotunan har da Nabilah.

A gidan Hajiya ta tashi, ita ke tuna wa Tawfiq magani, ita ke haɗa masa ruwan zafi, kuma ta daɗe da sa wa ranta cewa ita ce za ta zauna da shi. Ta sha jin Hajiya na ba da labarin ranar da aka ɗinka na Nazeer da na Zuhra, har yadda aka zare zaren. Nabilah ta san taguwa ba likkafani ba ce, ita ma ta yi boko. Amma da ta gan ta rataye a ɗakinsa sai ta ɗauko, ta kai wa Hajiya, ta juya mata cikinta, ta ce, "Mami, ni dai duba min wannan ɗinkin, gabana ne ya faɗi."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ya kuwa isa.

* * *

Alhaji Saleh, mahaifin Nazeefa, ya daɗe yana juya taguwar a hannunsa bayan ta gama ba shi labari.

"Da kin nuna min tun farko..."

"Abba, ai kullum kana ganina ina ɗinki."

"Daga nesa nake ganinki. Ban taɓa dubawa ba." Ya ajiye ta a hankali. "Matar nan ba ta yi ƙarya ba, a wasu garuruwan haka ake yi. Ke ma ba ki yi laifi ba. Amma ki ji ni da kyau, ba zan kai 'yata gidan da ake yi mata kallon mai jiran gawa ba."

Ana cikin haka Tawfiq ya yi sallama. Ya gaida Abba, ya nemi ganinta a baranda. Idonsa ja wur.

"Ba ni rigata."

"Tawfiq, ka bari ƙura ta lafa..."

"Ba ni rigata, Zeefa. Gobe Juma'a da ita zan je masallaci. In dawo in zauna a gaban Mami in cinye tuwo malmala biyu, ta ga ban mutu ba. Shi ke nan magana ta ƙare."

"Za ka ƙara ɓata mata rai."

"Tun ina yaro ake hana ni abu saboda tsoro. Kada ka yi ƙwallo, kada ka yi wanka da safe, kada ka je makarantar kwana. Duk na haƙura. Ke kam ba zan haƙura ba."

"Ruhina, ka ji ni..."

"In kina sona, miƙo."

Ta miƙa masa. Kuma ba wani ɓoye-ɓoye, a can ƙasan ranta ta ji daɗi. Tana so a gan shi a ciki.

Washegari ya sa ta. Ya turo mata hoto yana tsaye jikin mota, ta zauna masa ɗas a kafaɗa, ya rubuta a ƙasa, "Telata ta iya."

Masallacin ya cika, sahunsu ya faɗo kan titi. An tayar da salla ke nan ruwa ya tsuge, irin ruwan Abuja mai zuwa da iska ba sallama. Wasu suka sallame suka ruga. Tawfiq ya tsaya har liman ya idar. Saƙar hannu kuwa idan ta sha ruwa riƙewa take yi, ta manne masa a jiki, nauyi da sanyi, har ya isa inda ya ajiye mota.

Tuwon da ya ce zai ci bai ci ba. Kafin la'asar ƙirjinsa da bayansa sun ɗauka. A hannu aka fitar da shi.

* * *

Nazeefa ta iso asibitin takalminta ƙafa daban-daban. A ƙofar ɗakin ta tarar da Nabilah.

"Ina za ki?"

"Don Allah Nabilah, ganinsa kawai zan yi."

"Kin zo ki duba ko ɗinkin ya yi masa daidai ne?"

"Ki ji tsoron Allah..."

"Ungo." Ta miƙo mata baƙar leda, taguwar na ciki. "Da almakashi nas suka raba shi da ita. Ki je ki ƙarasa."

Ta gilashin ƙofa Nazeefa ta hango shi. An rufe masa hanci da baki da robar iska, jikinsa na lanƙwashewa, yana wani irin nishi da ba ta taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Ta san yana da sikila, ta sha kai masa ziyara yana kwance yana zolayarta. Wannan kam ba ta taɓa gani ba.

Likita ya fito ya ce ana bukatar jini.

"A ɗebi nawa!" ta ce. "Ni AA ce, a gwada, a ɗebi ko nawa ne!"

Hajiya Luba ta juyo daga kan benci.

"Likita, ku nemo a wani wajen. Nata ba zai shiga jikin ɗana ba."

Aka nemo a wani wajen.

Kwanakin da suka biyo baya Nazeefa ba ta je aiki ba. Ledar tana ƙarƙashin gado ba ta buɗe ba. Zanin gadonta fari ne, ta yaye shi. Idan wayarta ta yi ƙara ba ta iya ɗauka sai ta duba suna.

Tawfiq bai mutu ba. Ya jima a can, amma ya tashi.

* * *

Wata rana da hantsi aka ce wa Nazeefa ta yi baƙuwa. Ta fito falo ta ga Hajiya Luba ita kaɗai, ta rame, mayafinta a karkace.

Nazeefa ta zube ƙasa ta gaishe ta.

"Tashi ki zauna kusa da ni, 'yata."

Kalmar ta fi zagin zafi.

"Ba faɗa na zo ba. Na je wajen limamin unguwarmu, ya ce camfi ne, zare ba ya kashe mutum, in tuba. Na tuba. Likita ya ce ruwan sama ne, na yarda. Nabilah ma na gane abin da ta yi, na mayar da ita gidan ubanta."

"Alhamdulillahi, Mami! Ashe..."

"Tsaya, ban gama ba." Hajiya ta kamo hannunta, ta dubi yatsun, sai ta saki da sauri kamar ta taɓa wuta. "Kin gani? Kaina ya yarda, cikina bai yarda ba. Ina ganin hannun nan sai in ga mazan nan zaune a tabarma suna zare zare. Yaron nan zai sake kwanciya, ni da ke mun sani. Duk ranar da ya kwanta, ke zan kalla. Ba zan so ba, amma zan kalle ki. In kuma Allah ya ɗauke shi a ɗakinki..."

Ta rufe fuskarta da mayafi.

"Mami, zan daina ɗinkin. Wallahi ba zan ƙara taɓa allura ba."

"Ba allurar ba ce, 'yar nan. Na yi masa magana, ya ce ko zan tsine masa sai ya aure ki. Ban taɓa jin haka daga bakinsa ba. Ni ba zan iya tsine masa ba, kuma ba zan iya zama da wannan abin a ƙirjina ba. Shi ya sa na zo wajenki."

Sai ga Hajiya Luba tana zamowa daga kujera, za ta kai gwiwa ƙasa.

"Mami, a'a! Don girman Allah kada ki yi min haka!"

"Shi kaɗai ya rage min. Ke yarinya ce, za ki samu wani. Ni a ina zan samo?"

Suka riƙe juna suna kuka, uwar da yarinyar, kamar ba su ne a falon Gwarinpa ba.

Kafin Hajiya ta tafi, Nazeefa ta ba ta amsar da ta zo nema.

* * *

Da yamma Tawfiq ya zo, bayan an sallame shi daga asibiti. Bai shigo ba, a bakin get ya tsaya ya jingina da mota. Kaftanin jikinsa ya yi masa yawa.

"Telata."

"Sannu da jiki."

"Sannu da jiki? Ni ne fa. Ko ramar ce ta sa ba ki gane ni ba?"

Ta yi ƙoƙarin murmushi, bai fito ba.

"Sun yanka min rigata, Zeefa. Ina ji ina gani, bakina ya ƙi buɗuwa in hana su. Wannan ya fi ciwon ci min rai. Za ki yi min wata?"

Ta girgiza kai.

"To a gyara waccan."

"Tawfiq... Mami ta zo."

"Na sani. Na kuma san abin da kika ce mata. Shi na zo ki janye."

"Ba zan iya ba."

"Saboda Mami?"

"Ta durƙusa min. Uwarka, a gabana..."

"Mami tawa ce, na san yadda zan lallashe ta. Abba ma zan turo masa manya. Kowa an tambaye shi, ni wa ya tambaye ni? Ni ne mai ciwon, ni ne mai auren!"

"Ni na miƙa maka ita. Da na hana ka..."

"Da ruwan ya fasa sauka? Da wata rigar ce a jikina ma haka za a yi. Ke fa kin yi karatu."

"Na gan ka ta gilashi, Tawfiq! Na ji nishinka! Har yau in na rufe ido shi nake ji."

Ya ɗago ya dube ta.

"Kin san abin da ya sa na nace da rigar nan?" ya ce a hankali. "Tunda nake, duk mai sona abin yau yake ba ni. Magani, bargo, ruwan zafi. Ba wanda ya taɓa ce min in jira wani abu, don ba wanda ya tabbata zan kai. Ke kaɗai kika dube ni kika ce in dawo bayan watanni in karɓa, ko a jikinki. Na koma gida ranar ina jin kaina kamar kowa."

Hawaye suka zubo mata.

"Wannan yarinyar nake nema, abar ƙaunata. Ba mai jinya ba. Ki ce min tana nan, yanzu in juya in je in ɗaura ɗamara da duk duniya."

Ta buɗe baki. Tana so ta ce tana nan. Allah ya sani tana so.

Iska ta kaɗo daga gabas, ganyen mangwaron ƙofar gida ya fara zuba, sama ta yi duhu ta wajen Asokoro. Ta ga tsigar hannunsa ta tashi.

Maganar ta fito kafin ta tare ta.

"Shiga mota! Hadari ne... don Allah shiga, kada sanyi ya kama ka. Ka sha maganin yamma kuwa?"

Ta ji abin da ta faɗa. Ta toshe bakinta da hannu.

Tawfiq ya yi murmushi, irin wanda gara kuka da shi.

"Na sha," ya ce.

"Tawfiq, ba haka nake nufi ba..."

"Haka kike nufi. Ba laifinki ba ne, Zeefa. Kowa ma haka yake komawa."

Ya buɗe ƙofa ya shiga, ya ɗaga gilashi har sama kamar yadda ta ce. Ta bi motar taku kaɗan tana kiran sunansa, bai tsaya ba.

Babbar salla ta zo ta wuce, ba a ɗaura aure ba. Kayan sa rana Alhaji Saleh ya mayar da hannunsa, aka rabu ba zagi ba tsinuwa. Tawfiq bai auri Nabilah ba, bai kuma sake takowa Garki ba. Yana nan da ransa, yana zuwa aiki, yana kwanciya yana tashi.

Nazeefa takan ji labarinsa a bakin mutane. Duk wanda ya ambace shi, tambaya ɗaya ce ke riga fitowa daga bakinta, ta tsani kanta a kai amma ta kasa bari.

"Ya jikin nasa?"